Alexander Fleming, lokotoron da ya tsinci magani cikin hawayen ɗan Adam

Idan aka ambaci sunan Alexander Fleming, duk wanda ya ɗan zauna bisa bencin lakkol zai ce ai shi ne Baturen nan da ya gano penisilin. Haka ne, ba mu musa ba. To amma kusan shekara 7 kafin penisilin, mutumin ya riga ya gano wani abu dabam wanda ba daga tsiro ko daga ƙasa ya fito ba, yana nan cikin jikinmu, cikin hawaye da majina da yawu da nonon uwa. Sunan wannan abu lizozim. Lokacin da ya kai labarinsa gaban manyan lokotorori a birnin Landan, ko mutum guda bai ɗaga hannu ya yi masa tambaya ba. Yau kuwa kamfanoni na sarrafa shi cikin yis da ƙwayar shinkafa suna sayar wa masu bincike, shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin Fleming ta wannan ƙofa da ba a cika bi ba.

An haifi Fleming ranar 6 ga watan Ogusta na shekara ta 1881 a wata gona mai suna Lochfield, kusa da garin Darvel cikin ƙasar Sikotilan. Ɗan manomi ne, kuma shi ne na 7 cikin ƴaƴa 8 na mahaifinsa Hugh Fleming, wanda ya rasu yaron yana da shekara 7. Bayan ƴar lakkol ta karkara, sai aka sa shi ta garin Darvel, inda yake taka kimanin kilomita 6 da ƙafa in za shi, ya kuma taka wasu 6 in zai komo. Yana da wajen shekara 14 ya bi yayansa Tom, wanda lokotoro ne, zuwa Landan. Can ya ƙara ɗan karatu, sannan ya yi shekara 4 yana aikin akawu a ofishin wani kamfanin jiragen ruwa, aikin da ko kaɗan bai kwanta masa a rai ba. Yana ɗan shekara 20 wani baffansa ya rasu ya bar masa gadon ƴan kuɗi, sai Tom ya ba shi shawara ya zuba su cikin karatun likita. Da haka ya shiga makarantar asibitin St Mary's da ke unguwar Paddington, ya fito a 1906 da sakamako mai kyau ƙwarai. In ban da shekarun yaƙi, a wannan asibiti ya yi dukan rayuwarsa ta aiki.

Yadda ya faɗa harkar ƙwayoyin cuta ma abin dariya ne. Fleming gwani ne wajen harbin bindiga, kuma asibitin na da ƙungiyar maharba da ke shiga gasa. Shugaban ƙungiyar ba ya son ya rasa gwaninsa, sai ya nema masa gurbi a sashen rigakafi na Almroth Wright domin ya zauna cikin gidan. Wannan Wright babban masani ne, shi ya haɗa wata allurar rigakafin zazzaɓin taifot da sojojin Ingila suka yi amfani da ita. Mutum ne mai yawan magana da son gardama, alhali Fleming shiru-shiru ne, da ƙyar ake jin ta bakinsa. Amma ya ɗauki abu guda daga maigidan nasa ya riƙe har mutuwa, wato cewa jikin mutum yana da nasa makaman yaƙi da cuta, kuma aikin lokotoro shi ne ya taimaka wa waɗannan makamai, kada ya lalata su.

Yaƙin duniya na farko ne ya ba shi damar gwada wannan ra'ayi. An kai shi tare da Wright garin Boulogne na Faransa, yana da muƙamin kaftin, suka kafa labo cikin wani gidan caca da aka mayar asibitin soja. Samari na zuwa da raunuka masu zurfi cike da laka da tsummokaran kaki, ana tuttula musu magungunan wankin ciwo masu ƙarfi irin su kabolik, amma duk da haka nama ya ruɓe, mutum ya mutu. Fleming ya narka bututun gilashi ya yi masa lunguna-lunguna kamar na raunin harsashi, ya cika shi da ƙwayoyin cuta, ya wanke shi da maganin. Washegari ƙwayoyin sun sake cika bututun, domin maganin bai kai cikin lungunan ba. Ya kuma nuna cewa maganin ya fi saurin kashe fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, bisa ga ƙwayoyin cutar. Ya buga wannan a mujallar Lancet a 1917, amma yawancin masu fiɗa na soja suka yi kunnen uwar shegu da shi, suka ci gaba da abin da suka saba.

Ya komo Landan da tambaya guda a zuciya: ina za a samu abin da zai kashe ƙwayar cuta ba tare da ya taɓa naman mutum ba?

Cikin watan Nuwamba na 1921 mura ta kama shi. Sai ya ɗibi majinar hancinsa ya ɗiga bisa ɗan farantin gilashi irin wanda ake renon bakteriya a ciki, ya ajiye cikin tarin farantan da ke kan teburinsa. Sanannen abu ne a gidan cewa Fleming ba ya saurin wanke faranti, yakan bar su makonni, kuma ba ya zubar da ko ɗaya sai ya ƙura masa ido. Da ya zo duba wannan, sai ya tarar wata bakteriya mai launin ruwan ɗorawa ta bazu ko'ina bisa farantin, in ban da kewayen majinar. A nan fili ne fes, waɗanda ke kusa kuma sun yi kamar suna narkewa. Shi da wani matashin lokotoro mataimakinsa mai suna Allison suka zuba wannan bakteriya cikin ruwa har ya yi gurɓi, suka ɗiga majina a ciki, cikin ƴan mintuna ruwan ya washe. Suka gwada da hawaye, sai abin ya fi haka sauri.

Daga nan fa aka shiga farautar hawaye a St Mary's. Ana matsa ɓawon lemun tsami kusa da idon mutum, a tsotse hawayen da ɗan siririn bututu. Baƙi da ɗalibai ba su tsira ba, ma'aikatan labo kuwa har biyansu ake yi taro, wato kwabo 3 na kuɗin Ingila na wancan zamani, duk kuka guda. Fleming ya bi abin nan ya same shi cikin yawu, da fata, da gashi, da farce, da nonon mace, da fararen ƙwayoyin jini, ya kuma tarar farin ƙwan kaza cike yake da shi. Gaskiya dai tun 1909 wani masani ɗan Rasha mai suna Laschtschenko ya lura farin ƙwai na kashe bakteriya, amma Fleming ne ya nuna cewa abin ya game jikin mutum da na dabbobi. Wright, mai son harshen Girka, shi ya raɗa masa suna lizozim, ma'ana anzim mai narkarwa, ita kuma bakteriyar aka sa mata Micrococcus lysodeikticus.

A watan Disamba na shekarar ya gabatar da aikin gaban wata ƙungiyar lokotorori masu bincike a Landan. Fleming ba shi da baiwar magana, murya ƙasa-ƙasa, ba ya iya zuzuta kayansa. Ya gama, zaure ya yi tsit, aka wuce ga mai jawabi na gaba. A 1922 aka buga takardar a mujallar Royal Society, nan ma ba a yi wani ɗoki ba. Mu dai a ganinmu ba duka laifin masu saurare ba ne. Lizozim yana narkar da bakteriya marasa lahani cikin ƙiftawar ido, amma waɗanda ke kashe mutane, irin na taifot da na maruru, kusan ba ya yi musu komai. Amsar Fleming ita ce wataƙila abin da ya sa wasu ƙwayoyi ba sa iya cutar da mu ke nan, domin lizozim na gamawa da su tun a bakin ƙofa, masu cutarwa kuwa su ne waɗanda suka fi ƙarfinsa. Ya ci gaba da buga takardu a kansa shekara da shekaru, kuma marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa har ƙarshen rayuwarsa yana ɗaukar lizozim a matsayin aikinsa mafi kyau.

Sai ga Satumba ta 1928. Ya komo daga hutu a gidansa na karkara, ya shiga duba farantan da ya bari da bakteriyar Staphylococcus, mai haddasa maruru da ruɓewar ciwo. Funfuna ta hau ɗaya daga ciki, kuma kewaye da funfunar bakteriyar ta narke. Wani lokotoron da jefar da farantin zai yi yana tsaki. Fleming kuwa ya taɓa ganin irin wannan fili, shekara 7 baya, kewaye da majinarsa, don haka ya san abin da yake kallo. Bambancin shi ne a wannan karo abin da ke narkewa mugu ne mai kisa. Ya reni funfunar, ya tarar ruwanta na kashe ƙwayoyin cuta da dama, kuma ba ya taɓa fararen ƙwayoyin jini. A watan Maris na 1929 ya sa masa suna penisilin, ya buga takarda a wannan shekarar.

Nan kuma ya tsaya. Shi ba masanin haɗa sinadarai ba ne, mataimakansa biyu, Craddock da Ridley, sun yi ƙoƙarin tace maganin amma yana lalacewa a hannunsu. Bai gwada shi bisa dabbar da aka sa wa cuta ba. Kusan shekara 10 penisilin na zaune cikin labo ana amfani da shi galibi wajen ware wata bakteriya daga wata.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, lizozim ne kuma ya sake buɗe ƙofar. A jami'ar Oxford akwai wani farfesa ɗan Ostareliya, Howard Florey, wanda ya daɗe yana nazarin majina da lizozim. A sashensa aka tace lizozim a 1937, sannan ya sa Ernst Chain, Bayahuden da ya gudo daga Jamus ta Hitler, ya binciko yadda yake aiki. Aka gano cewa katangar da ke kewaye da bakteriya yake yankewa, ruwa ya kwarara ciki, ta kumbura ta fashe. Garin karance-karancen tsofaffin takardu kan abubuwa masu kashe bakteriya ne Chain ya ci karo da takardar Fleming ta 1929. Ranar 25 ga Mayu 1940 suka sa wa ɓeraye 8 ƙwayar cuta mai kisa, suka yi wa 4 allurar penisilin. Kafin gari ya waye 4 da ba a yi wa ba sun mutu, sauran suna raye. Wani matashi Norman Heatley ne ya ƙirƙiro dabarun renon funfunar da tace ta, har da fo na majinyata ya yi amfani da su saboda ƙarancin kaya lokacin yaƙi. A Fabrairu 1941 suka gwada bisa wani ɗan sanda, Albert Alexander. Ya fara farfaɗowa, har suna tace maganin daga fitsarinsa suna sake yi masa allura, amma ya ƙare musu, mutumin ya mutu a watan Maris. Daga bisani Florey da Heatley suka tafi Amurka, inda labon gwamnati na garin Peoria da kamfanonin magani suka gano hanyar yin shi da yawa, ta yadda lokacin da sojojin ƙawance suka sauka Normandi a Yuni 1944 akwai isasshe domin masu rauni.

To me ya sa sunan Fleming kaɗai ya cika duniya? A 1942 ya roƙi Florey penisilin ya warkar da wani abokinsa mai ciwon sanƙarau. Jaridar Times ta yi sharhi kan maganin ba ta ambaci kowa ba, sai Wright ya rubuta mata wasiƙa cewa yabon na Fleming ne. Ƴan jarida suka yi wa St Mary's tsinke, Fleming ya karɓe su. Da suka je Oxford kuwa Florey ya ƙi ganinsu. Mu da ke cikin wannan sana'a mun san sauran: wanda ya buɗe mana ƙofa shi ke shiga labari. An ba shi sarautar Sir a 1944, kuma a 1945 ya raba kyautar Nobel da Florey da Chain. Heatley bai samu rabo cikin kyautar ba, amma a 1990 Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Shahara kuma ta jawo tatsuniyoyi. Wadda ta fi yawo ita ce wai mahaifin Fleming ya ceci Winston Churchill daga nutsewa yana yaro, wai kuma penisilin ya ceci Churchill a 1943. Duka biyun ƙarya ne, maganin da aka ba Churchill a lokacin na dangin salfa ne.

Cikin jawabinsa na karɓar Nobel a Disamba 1945, Fleming ya yi gargaɗin cewa wata rana za a riƙa sayen penisilin a kanti, mutum ya sha kaɗan wanda bai isa kashe ƙwayar cuta ba, ya koya mata jure wa maganin, sannan ya shafa wa iyalinsa ita. Duk wanda ya ga yadda ake sayar da kafso ɗai-ɗai bisa tebur a kasuwanninmu da tashoshin mota ya san maganar ba ta faɗi ƙasa ba. Wani babban bincike da Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki na duniya asara.

Matarsa ta fari, Sarah, ma'aikaciyar jinya ƴar ƙasar Ailan da ya aura a 1915 suka haifi ɗa guda, ta rasu a 1949. A 1953 ya auri Amalia, lokotoro ƴar Girka da ke aiki a sashensa. Ranar 11 ga Maris 1955 ciwon zuciya ya ɗauke shi a gidansa na Landan yana da shekara 73, aka ajiye tokarsa a majami'ar St Paul's.

Shi ya tafi, amma lizozim bai gama tafiyarsa ba. A 1965 David Phillips da abokan aikinsa a Landan suka zana cikakkiyar surar lizozim na ƙwan kaza ta hanyar hasken X, kuma shi ne anzim na farko da aka taɓa ganin surarsa haka. Aka ga yana da wani tsagi kamar baki, inda yake kama zaren katangar bakteriya ya datse. Sai a 1973 wasu Amurkawa biyu, Cohen da Boyer, suka nuna ana iya yanko guntun DNA daga wata halitta a dasa cikin bakteriya. Bari mu ɗan fayyace wannan. Kowace furotin ta jikinmu tana da umarnin haɗa ta rubuce cikin DNA. In aka kwafi umarnin aka sa cikin bakteriya ko yis, ƙwayar za ta riƙa haɗa furotin ɗin mutum kamar nata ne, tana hayayyafa cikin tanki, daga baya a tace a zuba a kwalba. Ta haka aka samu insulin irin na mutum, wanda aka amince da shi domin masu ciwon sukari a 1982. Yau dubban furotin na ɗan Adam ake haɗawa ta wannan hanya, mafi yawansu ba domin majinyata ba, domin masu bincike ne su gwada cikin labo, kuma a jikin kwalbar ake rubuta cewa ba na sha ko allura ba ne.

Lizozim na mutum na cikinsu. Ya ɗan bambanta da na kaza, yana da tubala 130 na kaza 129, ya fi shi ƙarfi, kuma ba ya da matsalar masu borin jini da ƙwai. Amma ba wanda zai tara hawaye ko nonon mata cikin tanki, shi ya sa ake haɗa shi cikin yis da shinkafa. A jami'ar Kalifoniya da ke Davis har awaki aka samar masu fitar da shi cikin nono, domin nonon mace ya ninka na saniya lizozim fiye da sau 1,000, nonon akuya ma kaɗan gare shi.

Gwajin da ya fi jan hankalinmu shi ne na ƙasar Peru, wanda aka buga a 2007. An ɗauki yara 140 masu gudawa, aka ba wasu ruwan gishiri da sukari kamar yadda aka saba, wasu kuma aka ƙara musu lizozim da laktoferin na mutum da kamfanin Ventria ya haɗa cikin shinkafa. Laktoferin wata furotin ce ta nonon uwa mai ƙwace ƙarfe daga bakteriya, tana kuma raunana fatar waje da wasu bakteriya ke fakewa da ita, lizozim ya samu hanyar shiga. Yaran da aka ƙara wa sun yi kwana 3.7 suna gudawa, sauran kwana 5.2. Sakamakon ya faranta rai, amma ya tada ƙura: a Peru wasu lokotorori sun yi ƙorafi kan gwada irin wannan abu bisa jarirai, a Amurka kuma manoman shinkafa sun ƙi a shuka ta kusa da gonakinsu don tsoron ta gauraya da ta abinci. Kuma ba duk gwaji ke yin daɗi ba. A 2012 an dakatar da wani babban gwaji na laktoferin da aka haɗa a labo bisa majinyata masu gubar jini, domin bai nuna amfani ba. Raunin da aka gani tun 1921 yana nan: Staphylococcus tana sauya katangarta yadda lizozim ba zai iya cizo ba, irin su bakteriyar taifot kuma na lulluɓe da wancan rufi na waje. Don haka masu bincike ke gwada haɗa shi da wasu furotin na jiki irin su difensin, ko su sauya masa tubala kaɗan, kuma har yanzu bai maye gurbin penisilin da danginsa a asibiti ba.

Inda ya samu gindin zama sosai shi ne cikin labo da masana'antar abinci. Masu yin cuku a Turai na zuba na ƙwan kaza domin hana shi kumbura ya lalace. Masu bincike kuwa da shi suke fasa bakteriya kullum in suna son fitar da DNA ko furotin ɗin da suka sa ta haɗa musu, wato abin da Fleming ya tsinta cikin majina ya zama ɗaya daga kayan aikin haɗa sauran furotin ɗin. In kuma kamfani na son ya auna ƙarfin lizozim kafin ya rufe kwalba, yadda Fleming da Allison suka yi ake yi: a zuba bakteriyar nan mai ruwan ɗorawa, wadda yanzu ake kira Micrococcus luteus, cikin ruwa har ya yi gurɓi, a ɗiga lizozim, na'ura ta auna saurin washewarsa.